Layin da Musbahu Ya Zaɓa

"...Lafiya lau, Gwaggo. Yaya gwiwar? To, madalla. Ina baiwar tawa ta shige?"

Musbahu ke nan ya shigo, ɗan yayana marigayi Malam Basiru, direban babbar mota a Birnin Masana'antu na Biyu. Wadda yake nema kuwa 'yata ce Mansura, wadda na sauka a gidanta a unguwar Ulaisha, nan ƙasa mai tsarki, don ganin likita. A safiyar ranar ne tsofaffin ɗaliban makarantar da muka koyar, ni da Yaya, suka yi taron tunawa da shi a can gida, aka nuno shi kai tsaye a ɗan shafin makarantar. A lokacin Musbahu yana kan hanya da kaya, don haka ya bar wa Mansura sallahun ta naɗar masa.

Ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Wace ce baiwarka? Mutumin da kafilinsa, uban gidansa na aiki, ke kira da fito!"

"Ke kuma ko iƙamarki ta zaman ƙasa a aljihun miji take kwana. Miƙo min taron Baba in gani."

"Ka je ka karɓa wurin waɗanda suka sayar maka da layin. Wata guda kana cika mana baki, wai ka samo min shariha, layin waya mai gudun jirgi."

"Ƙarya na yi? Ba da ita kike kallon girke-girken da ba ki taɓa iyawa ba?"

"Bidiyon girki yana zuba kamar famfo. Hira da hotuna, kafin ka ƙifta ido sun iso. Amma shafin makaranta? Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa har Mama ta idar da walaha. Ashe tsarin da ka zaɓa manyan manhajoji kaɗai ya sani."

Musbahu ya gyara tsayuwa, don ba ya yarda ya faɗi a gaban taubashiyarsa.

"To ai gaskiyar kamfani ce. Ko a rediyo na ji suna faɗa da wata doka a ƙasashen waje, wai dole su ba kowane shafi gudu iri ɗaya. Haba! Mutum ya haƙa rami, ya shimfiɗa waya da guminsa, sannan a hana shi zaɓen wanda zai fara wucewa? In ni na gina titi, tirela ce a gaba."

"Jaki kuma fa?"

"Ya bi gefe."

"To sannu, mai titi. Yau jakin da ka tura gefe shi ne ya ɗauko ubanka."

"Ke dai ba ki iya latsa waya ba. Yatsun nan naki kamar taɓarya."

"Taɓaryar ce ta latsa sau arba'in. Na hau bene, na leƙa taga, har baƙala na sauka ina roƙon mai shago ya ara min nasa layin. Kafin ya gane abin da nake nufi an shafa fatiha."

"Sai su sake turo mana."

"Wa zai turo? Sakataren taron ya ce sun dogara da shafin, shafin kuma ba ya ajiya. Kaset ɗin da suka sa na muryar Kawu a aji, a can wurin taron rediyon ya tauna zarensa."

A nan murmushin Musbahu ya ɗauke. Shekara tara rabonsa da jin muryar mahaifinsa. Ko jana'izar ba ta riske shi a gida ba. Ni ma na sunkuyar da kai, domin a gabana ya kawo layin, na kuwa sa masa albarka saboda sauƙinsa, ban tambayi abin da aka rage a ciki ba.

"Ba abin da ya shigo ko kaɗan?" ya tambaya a hankali.

"Sakan goma sha ɗaya. Shi ma don kamfaninka ya yi gyangyaɗi ne."

Ta miƙa masa wayar. Aka ji hayaniyar aji, da bugun alli a jikin allo. Sai ga gyaran muryar nan da na sani tun muna ƙanana, sannan Yaya ya ce, "Yara, ku zauna." Daga nan hoton ya daskare.

Musbahu, wanda tun shigowarsa yake tsaye, ya nemi bakin kujera ya zauna. Ya sake sawa, ya kuma sake.

"Kin ga ni ko," in ji shi, yana dariya yana share ido da hularsa, "har yanzu in ya yi magana ba na iya musu."

Ya zare layin wayarsa, wanda ba ya bambanta shafi da shafi, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Halas, shi ke nan, kin ci. Riƙe wannan, uwar ɗakina."

"Mai titi ya sauka daga tirela?"

"Ya sauka. Ki dai turo min jakin, da kayansa."