Iskar da ke Silin Ɗin Oga Leonard

Jama'a, a tsaye nake rubuta muku shafin yau, kuma ba don ladabi ba ne. Tun Asabar ɗin waccan ni da kujera muka raba gari, domin na faɗo daga cikin silin ɗin maƙwabcina, na sauka da mazaunai a kan teburin cin abincinsa. Teburin ya tsira. Ni ne dai har yanzu Yagana, uwar 'ya'yana, take gasa wa jiki da ruwan zafi, tana yi tana tambayata a wace makaranta na koyi hawan silin da furfura a kaina.

Bari in ba ku labarin da bakina, kafin ku ji shi wurin Kyari mai albasa, wanda ya riƙe min tsani, ya ƙara masa gishiri.

A bayan gidana nan unguwar Dogo Tebo akwai wasu tsofaffin gidajen ma'aikata, na wata ma'aikata da ba zan kama sunanta ba, tunda ina so in ci gaba da kwana a ɗakina. A ɗaya daga ciki Oga Leonard yake zaune da matarsa Madam Celina. Shi ya yi ritaya, ita ce har yanzu take aiki, gidan ma da sunanta yake. Tun yana saurayi ya zo Potiskum daga can kudu, ya fi ni iya cinikin akuya, kuma duk unguwar nan babu mai surutunsa. In ya tare ka da gaisuwa, nemi wurin zama kawai.

Wanda ya zana gidajen nan, in ya mutu Allah ya jiƙansa, in yana raye Allah ya shirye shi, ya bi cikin silin ya shimfiɗa wasu manyan bututun kwano, kowane ɗaki da bakinsa mai raga, wai za a kawo ƙaton inji ya riƙa hura sanyi. Injin yana hanya. Tun ina firamare yake hanya. Bututun kuwa ba su zauna haka nan ba. Jemagu sun samu unguwa, ɓeraye sun samu titi, kuma in damina ta yi nisa rufi ya fara yoyo, sai danshi ya shiga ya kwanta, funfuna ta yi baƙi ƙirin. Na san garinmu ba ƙasar ruwa ba ce, amma duk wanda ya taɓa shanya riga a ɗaki cikin watan Agusta ya san abin da nake nufi. Da iska ta kaɗa, wani baƙin gari ne yake zubowa ta ragar nan, kan gado, kan tuwo, kan kowa.

Bana abin ya kama Oga Leonard a ƙirji. Mutumin da ba ya gajiya da magana ya koma in ya ce "ina kwana" sai ya huta kafin ya kai ga "ina gajiya". Likita ya gaya wa Madam Celina gaskiya: ko a share abin da ke saman nan, ko a raba shi da gidan. 'Ya'yansu kuma suka bugo waya suka yanke hukunci, in wata ya ƙare ba a gyara ba, mota za ta zo ta ɗauke shi zuwa garinsu, ita ta zauna nan ta ƙarasa aikinta ita kaɗai.

"Malam Babaji," ya ce min yana haki, "can... wa na sani? Mutanena... duk suna nan."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Madam Celina ta yi ta sintiri a ofishin ma'aikatar har takalminta ya gane hanya. Kuma kada ku ce manyanmu ba sa ji, suna ji. An kafa Kwamitin Kula da Lafiyar Iskar Cikin Gida. Ranar da suka zo, motoci sun cika layinmu har masu Keke Napep sai da suka sake hanya. Mai Girma Shugaban Kwamiti, Garkuwan Masu Numfashi, Allah ya ƙara masa kwamiti, ya fito ya tako har bakin ƙofa. Bai shiga ba. Ya toshe hanci da hankici, ya leƙa da kai kaɗan, ya janye, aka ɗauki hoto. Irin wannan jarumta ba kullum ake ganinta ba.

Daga nan ya karanta dogon jawabi da Turanci, kowa ya tafa, babu wanda ya ji ciwo. Sai tausayin talaka ya kama shi, ya ajiye takarda, ya ce bari ya yi mana bayani da Hausa don mu gane.

"Jama'a, bincike ya tabbatar akwai muguwar iska a gidan nan. A cikin silin take zaune, kuma ta daɗe a ciki. Ita ce take kama maigidan a ƙirji. Kada kowa ya kuskura ya hau sai ƙwararru sun zo."

Ya shiga mota ya tafi.

To ku da kuke jin Hausa, ku gaya min, in babban mutum mai babbar riga ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi shiga, ya ce akwai muguwar iska da ta daɗe a ciki tana kama maigida, me Dogo Tebo za ta fahimta? Kafin la'asar an san sunan aljanar. Kafin magariba an san mijinta da inda suka taso. Yunus kafinta, wanda Madam Celina ta riga ta yi magana da shi zai hau ya duba rufin, ya aiko cewa bayansa ya riƙe. Masu Napep suka koma sauke ta a bakin layi, ta ƙaraso da ƙafa da kayan cefanenta.

Amma mutanen unguwarmu ba sa gudun maƙwabci, wannan kam zan shaide su. Taimako suka kawo, kuma taimakon ne ya kusa ƙarasa shi. Mata suka zo da kasko, aka zuba tazargade da habbatussauda, wata har da barkono, aka rufe ƙofa da taga don kada hayaƙin ya tafi a banza. Wani ya hau kujera ya cusa tsumma a 'yan hujojin iskar da ke saman bango, wai ta nan take shigowa. 'Yan cocinsu ma ba a bar su a baya ba, suka cika falo da waƙa da tafi da zufa. Shi kuwa bawan Allah yana kwance a tsakiya yana neman numfashi kamar kifin da aka jefo kan tudu. Madam Celina tana ta cewa, "Abeg, ba aljani ba ne, datti ne, ku buɗe window!" Ana ce mata ta yi haƙuri, dama haka suke sa mutum ya musa.

Na wanke ƙafa na tafi wurin Sakataren Kwamiti, na durƙusa yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, yaushe ƙwararrun za su zo?"

"Suna bakin teku."

"Lafiya?"

"Nazarin danshi suke yi. Ka san danshinmu na nan bai kai a yi nazari a kansa ba."

"Wato shan iska suka tafi."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na gyara durƙuso na ce, "Ina nufin, yaushe za su dawo, ranka ya daɗe?"

"Sai rani. Aikin ya fi sauƙi a lokacin."

"Da rani ai danshin ya bushe da kansa."

"To ka gani," in ji shi, "ashe ma matsalar tana da ranar ƙarewa."

Na fito ina jinjina wa ilimi. Amma wata ya kusa ƙarewa, kuma mota ba ta san rani ba. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi muka kwashe Oga Leonard zuwa ɗakin baƙina, na ɗaura takunkumi biyu a hanci, na ɗauki tocila da tsintsiya da bokiti, na je na taso Kyari daga kan albasarsa.

"Babaji, kana da iyali fa," ya ce.

"Tsani kawai za ka riƙe."

"In aljanar ta tambaye ka wa ya riƙe, kada ka ambaci sunana."

Na hau. Jama'a, na ga abin da na gani. Na zare bakin bututu ɗaya na haska, sai ga kashin jemage ya yi tudu, ga funfuna kamar an shafa kwalli, ga wani tsohon ɓera da ya rasu tun ban yi aure ba. Ina zura tsintsiya, masu gidan, wato jemagun, suka tashi gaba ɗaya, fuu, suka bi ta kaina suka fita ta ƙofar silin. Abin da na ji daga ƙasa shi ne muryar Kyari, "Ga ta nan! Ta fito da 'ya'yanta!" sai ƙarar tsani a ƙasa, sai ƙarar silifas a layi. Na juya in kira shi, ƙafata ta bar katako ta taka silin. Sauran kun riga kun sani.

Ihun Madam Celina ne ya tara jama'a. Suka tarar da ni a kan tebur, baƙi wuluk, bokiti a ƙirji, ina salati. Yunus kafinta, wanda bayansa ya warke nan take, ya matso a hankali, ya sa yatsa a bokitin, ya shinshina.

"Au, kashin jemage ne? To ai da an faɗa mana da Hausa!"

Aka kama ni aka sauko da ni daga teburin. Daga wannan lokaci aiki ya kankama. Yunus ya hau ya toshe yoyon rufi, ya sa raga a inda jemagu suke shiga. Matasa suka ɓalle bututun suka fito da su tsakar gida, aka wanke da omo aka shanya. Matan da suka kawo kasko su ne suka zare tsummokaran bango, suka buɗe tagogi, suka goge ɗakuna. Wani manomi daga Yindiski ya zo da amalanke ya kwashe kashin jemagen kaf, ya ce taki ne mai kyau, har yana tambaya ko akwai sauran gidaje masu aljanu.

Sai da gidan ya sha iska ya bushe sannan muka mayar da Oga Leonard. Yau da safe ina tsaye ina shan koko, sai na ji hayaniya ta katanga. Shi ne yake faɗa da Madam Celina a kan wa ya bar akuya ta ci masa shukar kuɓewa. Ya ɗauko maganar tun daga ranar da aka sayi akuyar, ya bi ta kan danginta, ya gangaro kan tarbiyyar akuyoyin zamani, duk a numfashi ɗaya, ko tari babu. Ban taɓa jin daɗin faɗan maƙwabta irin na yau ba. Can sai ga Madam Celina ta leƙo ta katanga, tana dariya hawaye na zuba.

"Malam Babaji, kana ji? Tun ɗazu yake masifa. Na kira yara na sa musu a waya su ji da kunnensu. Sun ce a bar shi, ba inda za shi."

Kwamiti kuma, Allah ya ja zamaninsa, ya aiko da saƙo cewa zai zagaya sauran gidajen mako mai zuwa. An roƙi mazauna su buɗe tagogi tun da asuba, masu tari kuma su ɗan koma bayan gida, don kada a dami baƙi.