Keken da Ya Sha Hannu

Jama'a, yau ma a ƙafa na je gona, a ƙafa na dawo, alhali a labaran rediyo ni mai sabon keke ne.

Tun da fetur ya zama abin gaisarwa daga nesa, 'yan kabu-kabu suka daina gane ni. Gonata tana can hanyar Gangara, gwiwata ta hagu kuwa ta riga ni tsufa. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, ta ma fi shi himma. Da matata Laraba ta ga ina isa gona rana tsaka, sai ta ba da tunkiyarta aka sayar, ta ce in nemi keke na hannu.

Na tafi wurin Sodangi mai gyaran keke a kasuwar Sabon Birni. Ya jawo mini wani kore. Taya ko gashinta bai karye ba, sirdi da ledarsa, feda fes. Amma kan keken, inda ake riƙewa, ya goge har ƙarfe yana walƙiya.

Na ce, "Sodangi, wanga sabo na ko na hannu?"

Ya ce, "Na hannu na, Malam Kassimu. Hannu ɗai yas sha. Ba a taɓa hawa nai ba, raba shi dai akai. An raba shi garin Isa, an raba shi Unguwar Lalle. Babba shi riƙe nan, talaka shi riƙe nan, a ɗau hoto, a maida shi mota."

"To kai ina kas same shi?"

"Gajiya yay yi, yas sauka hanya."

Na saya. Kwanakin da na yi a kansa, ban taɓa jin daɗin gona irinsu ba. Kafin rana ta yi zafi na yi nisa da noma. Har ƙararrawa nake kaɗa wa awaki, ko ba su tare hanya ba.

Ana haka sai ga maƙwabcina Alhassan, wanda ba shi da aiki sai bin bayan manya. Ya ce Mai Girma Garkuwar Marasa Galihu, Ruwan Sanyin Talakawa, zai zo rabon kekuna, amma kekunan sun ragu, layin ba zai cika hoto ba. Ana neman aron koren keke irin nawa.

"Aro na, Malam. Da an watse ka hau abinka. Kai za a miƙa ma shi gaban jama'a."

Ni da ba a taɓa miƙa mini komai gaban jama'a ba, sai na ji abin ya shiga raina.

Aka yi taro na gani na faɗa. Motocin rakiya suka jeru, ba wadda aka kashe, don kada sanyin ciki ya gudu. Man da suka sha a tsaye da ya kai unguwarmu gona har kaka. Mai Girma ya yi jawabi a kan wahalar tafiyar ƙafa, kuma ya yi shi da kyau, har ka rantse ya taɓa gwadawa. Aka kira ni. Ya riƙe nan, na riƙe nan, hannuwanmu suka faɗa daidai wurin da ya goge. Mai rediyo ya tambaye ni yadda na ji. Na ce keken nan mai kyau ne, ni shaida ne.

Da manya suka tashi, na ɗora ƙafa kan feda ke nan sai wani jami'i ya dafa sirdin. Mutum ne mai ladabi, tumbinsa ma sai da ya riga shi gaishe ni.

"Baba, ina za ka da kayan tallafi?"

"Ranka shi daɗe, nawa na. Saye niy yi."

"Kayan tallafi ba a saida su. In saye kay yi, kayan sata kas saya, sai mu tai ofis. In ko ba ka anka yi, to sai an kai shi an yi mai lamba, a aiko ma da shi. Wanne na?"

Na waiga neman Alhassan, ko ƙurarsa babu. Na dubi samarin da ke loda kekuna a babbar mota. Na ce, "Ba ni anka yi, ranka shi daɗe. Allah shi saka."

Ya ce amin.

Kunya ta hana ni shiga gida da wuri. Da na shiga na gaya wa Laraba, ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta dubi turken tunkiyarta, ta ce, "Ka dai yi kyau a rediyo."

Yanzu ciyawa ta sha kan geron, gwiwa ta kumbura, 'yan'uwa kuma suna ta aiko a ara musu sabon keke, suna cewa na yi arziki na koyi rowa. Ban ga laifin Mai Girma ba. A wannan zamani samun shugaban da zai ba ka abinka da hannunsa, ko na ɗan lokaci, ba ƙaramin abu ba ne.

Da safen nan Alhassan ya bayyana a ƙofar gidana, ya ce za a yi rabon taki, amma bana ba ni ciki, don na riga na amfana.

Na ce madalla. Da ma ba ni da abin ɗauko shi.