Ranar da Na Naɗa wa Jamus Shugabar Ƙasa

Ranar da na je gaishe da mahaifin Hadiza, wadda nake nema da aure, a gidansu na Hyattsville a Amurka, na ƙudurta sai ya san ba jahili zai ba 'yarsa ba. Da aka sako zancen Turai, sai na gyara zama. Shekara goma ina sauraron rediyon Jamus, wa zai gaya mini?

Na ɗauko tarihin matar nan da ta daɗe tana mulkinsu, tun daga karatunta na kimiyya har zamanta shugabar ƙasa. Yayyen Hadiza suka sunkuyar da kai, na ɗauka ilimin ne ya yi musu nauyi.

Alhaji ya bari na gama, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma shugabar gwamnati ce, shugaban ƙasa daban yake."

Na ce, "Anya kuwa, Baba?"

Ya ce, "A gidan rediyon Jamus na yi ritaya, ina karanta labarai."

An dai ba ni Hadiza. Amma har yau in na shiga gidan, yayyenta miƙewa suke yi, suna cewa, "A ba Jakadan Jamus kujera."