Rasuwar Alƙalin Batura na Mile One

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ba tare da jayayya da ƙaddara ba, Malam Kallamu Gashuwa, mai gyaran batir a layin 'yan waya da ke Mile One, Diobu, a birnin Fatakwal, yana sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da masu kawo aiki rasuwar allonsa na awon batir, wanda aka fi sani da Alƙali. Marigayin ya cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburin aikinsa, bayan jinyar kwana goma. Ya shekara shida yana aiki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan allo ne kore wanda bai cika tafin hannu ba, da 'yar fitila ja guda ɗaya a kusurwarsa. Wayoyi huɗu ke fita daga gefensa zuwa batir, kebul ɗaya kuma ya nufi kwamfuta. Aikinsa ɗaya ne tak. A cikin batura na zamani, na laftof ko na sola, akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ke riƙe da tarihin batirin: sau nawa aka yi masa caji, nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, wane irin zafi ya taɓa sha. Marigayin ne ke shiga ya tambayo ta, ya kawo wa manhajar kwamfuta amsa, ita kuma ta rubuta kowa ya gani.

Daga nan ya samo sunansa. Mai sayarwa zai rantse batir sabo ne dal, mai saye ya ce ya sha jiki, a yi ta ja-in-ja har a iso gaban teburin Kallamu. Minti biyu sun isa. Iya Delu, mai sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke jikin tasa, ita ce ta raɗa masa sunan, ranar da ta ga ƙattai biyu sun yi tsit a gaban abin da bai kai murfin kwanonta ba.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da halaye na gari. Bai taɓa duban fentin batir ko sabuwar takardar da aka liƙa masa ba. Bai san ɗan gari ba, bai san baƙo ba. Abin da ya gaya wa Bahaushe shi yake gaya wa Inyamuri. Ba ya cin wuta. Ba shi da surutu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare shi, shi ma ta bakin kwamfuta, kalma biyu ce: tin-din idan an jona shi, din-tin idan an zare.

Marigayin ya zo Fatakwal ne a jakar Shafi'u, abokin Kallamu da suka buɗe rumfar tare. Shafi'u ne mai ilimin takarda a cikinsu, shi ya yi odarsa, shi ya koya wa Kallamu wace waya ke shiga ina. Shekara huɗu da suka wuce ya samu aiki a Kano ya tafi, ya bar allon da kujerarsa. Iyalin Kallamu kuma suna Gashuwa, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. Saboda haka a mafi yawan ranaku, in ban da gaisuwar masallaci, tin-din ɗin nan ce magana ta farko da ake yi masa da safe. Mutanen da ke zama a bencinsa ma, ya san wa suke zuwa gani.

Game da rashin lafiyar, mai makokin ya nemi a faɗi yadda abin ya faru ba tare da ragi ba.

Ranar Alhamis, kwana goma sha ɗaya da suka wuce, rufin rumfar ya yi yoyo, danshi ya shiga gwangwanin da marigayin ke kwana a ciki. Washegari Juma'a ya tashi lafiya, ya yi sallamarsa ta tin-din, har ya duba batura biyu. Amma Kallamu ya ga raɓa a bayan allon, hankalinsa bai kwanta ba. Rana ta fito fes. Sai ya yi abin da duk ɗan Gashuwa zai yi da kayan da suka jiƙe: ya ɗora shi a faranti, ya hau benci, ya shanya shi a kan kwanon rumfa, kamar yadda ake shanya barkono. A garinsu, idan Oktoba ta yi nisa, ba wanda ke sake ɗaga kai ya dubi sama. Shekararsa goma sha ɗaya a Fatakwal, amma ranar nan da kalandar gida ya yi aiki. Ya kulle rumfa ya tafi masallaci.

Ruwan ya sauko ana tsakiyar huɗuba. Kallamu yana sahu na uku, da mutane a damansa da hagunsa da bayansa. Ya ji saukarsa a kan rufin masallacin daga farko har ƙarshe. Da aka sallame ya fita da gudu, ya tarar farantin ya cika, marigayin yana kwance a ƙarƙashin ruwa mai baƙin toka, irin wanda ke wanko hayaƙin garin daga kan rufi.

An yi duk abin da ya kamata. An wanke shi da sifirit da buroshin haƙori, aka bar shi kwana biyu a gaban fanka. Ranar Lahadi aka jona shi. Fitilarsa ta kama, ja, kamar kullum. Kwamfuta ba ta ce komai ba. Manhajar ta buɗe, ta duba, ta rubuta da Turanci cewa ba ta ga wata na'ura ba.

Kallamu ya canja kebul, ya aro wani, ya sayi sabo. Ya gwada kafofin USB uku na laftof ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya goge manhajar ya sake saka ta, haka ma 'yar ƙaramar manhajar da ke gabatar da allon ga kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira direba. Ya yi zaton ko batirin gwajin ne ya yi barci, ya farkar da shi da caja, ya kawo wani mai rai. Ya bi ƙafafun allon da mita, ya samu wuta tana isa inda ya kamata ta isa. Ya sabunta dalma a wurare biyar da suka yi koren tsatsa. Ya ɗauke shi cikin keke zuwa shagon wani mai gyaran kwamfuta a kusa da Kasuwar Creek Road, aka gwada shi a injina biyu. Mutumin ya juya shi, ya miƙo masa, ya ce da Turancin buroka, "Malam, e don go," wato ya riga ya tafi. Kallamu ya nuna masa fitilar. Mutumin ya ce fitila ba shaida ba ce.

Haka marigayin ya yi kwanakinsa na ƙarshe: yana nan a kan tebur, idonsa a buɗe, ana nemansa ba a ganinsa. Kallamu ya tura wa Shafi'u hotuna shida. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, saƙon murya na daƙiƙa tara, da ƙarar ofis a bayansa: "Mutumina, ɓangaren da ke magana da kwamfuta ne ya ƙone. Ka haƙura da shi kawai. A gai da mutanen layi."

Duk tsawon jinyar nan Kallamu bai gaya wa kowa a layin ba. Wanda ya kawo batir sai ya ce masa laftof ke ba da matsala, ya dawo jibi. Mutum ɗaya ne bai iya korarsa ba, kuma saboda shi aka tsawaita wannan sanarwa.

Ranar Alhamis da ta wuce wani mahauci mai suna Munzali ya zo tun daga Fegge, a Onitsha, tare da wani dillali da babban batirin sola na hannu. Ya ce batirin zai riƙe masa firiza ne, yana so ya cika ta da nama kafin cinikin Disamba, kuma a Onitsha aka ce masa kada ya saya sai Alƙalin Mile One ya duba. Motarsa ta komawa tana lodi. Ya zauna a benci, ya cire hula, ya ce, "Malam, ni ban san komai a harkar nan ba. Abin da ka ce shi ke nan."

Kallamu ya jona wayoyin nan huɗu. Fitila ta kama. Ya ɗan karkata fuskar laftof ɗin zuwa jikinsa, ya buɗo hoton wani awo da ya adana tun watan Yuli, na wani batir daban, ya juyo da shi. Kashi tamanin da bakwai cikin ɗari. Munzali ya yi hamdala, ya yi godiya har sau uku, suka ɗauki batir suka tafi. Kallamu bai karɓi lambarsa ba. Shi ma dillalin, Kallamu bai san shi ba.

Da suka yi nisa, Iya Delu ta leƙo tana goge hannu da zane.

"Malam Kallamu, yau Alƙali ya yanke hukunci bai yi sallama ba."

"Hayaniya ce ta yi yawa, Iya."

"Ni da nake jin ta ko ana ruwa? To. Wake zan sa maka ko zalla?"

Ya ce ya ƙoshi.

Mai makokin yana so a sani cewa marigayin ba shi da hannu a wannan hukunci. Bai ga batirin ba, bai ce komai a kansa ba. Yana iya zama mai kyau, yana iya zama fanko. Babu wanda ya sani. A shekara shida wannan ce ƙarya ɗaya da aka yi da sunansa, kuma yana kwance aka yi ta. Bayan kwana huɗu fitilar ta mutu.

Ya rasu ya bar laftof ɗaya mai tsagaggen murfi, kebul huɗu waɗanda duk lafiyarsu ƙalau, mita ɗaya, gwangwanin kwanansa, da manhajar da har yanzu, duk lokacin da aka buɗe ta, sai ta neme shi. Ya kuma bar batura goma sha ɗaya a ƙarƙashin tebur suna jiran shari'a. Ana roƙon masu su su zo su ɗauka. Kallamu zai ci gaba da canja ƙwayoyin batir da liƙin waya, amma daga yau duk abin da ya faɗa kan lafiyar batir, ra'ayinsa ne, a ɗauke shi a haka. Ya tambayi yadda ake samun wani allon. An ce sai an yi oda daga waje, kuma ba a sa rana ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, tunda ba mai rai ba ne. An taƙaita zaman karɓar gaisuwa zuwa yini ɗaya, gobe Talata, daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, a rumfa ta bakwai daga bakin titi. Benci ɗaya ne, amma ana ganin zai wadatar. Ba a buƙatar a kawo komai.

Ranar Laraba rumfar za ta kasance a rufe. Kallamu zai bi motar farko zuwa Onitsha da gawar a aljihunsa, naɗe cikin farin ƙyalle, ya bi rumfunan mahautan Fegge ɗaya bayan ɗaya har ya samu mai batirin, ya jona masa ita a gabansa ya gani da idonsa. Sai an yi wannan za a mayar da marigayin gwangwaninsa a rufe.

Duk wanda ya riga shi isa Fegge, don Allah ya nemi Munzali mahauci, ya ce masa kada ya cika firizar tukuna.