Yadda Za Ka Zama Gwanin Matuƙi Ba Tare da Ka Taɓa Gajimare Ba

Kai da ka samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama, ake ta damunka ka ƙaro na biyu, wato na tuƙi da na'ura, wanda ke ba mutum izinin kutsawa cikin gajimare ya dogara da agogunan da ke gabansa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba ka ƙara buɗe littafi, girmanka kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba. Ba shaci-faɗi nake yi ba. A wurin surukina na koya, likitan haƙori, mai rabin jirgi mai kujera huɗu. Na tsufa ina koyar da kimiyya, ban ga ɗalibin da ya kama ƙafarsa wajen zille wa jarrabawa ba.

1. Fara da kaya

Baƙin tabarau, da agogon hannu mai faɗin murfin kwalba. Abin sauraron da ake sawa a kunne kuwa, bar shi a kujerar bayan mota inda maƙwabta za su gani.

2. Raina lasisin

Za a ce maka mai shi yana tashi ran da kake zaune, hasumiyar filin jirgi na yi masa jagora har ya sauka ko da bai hango fili ba sai dab. Ka taɓe baki, ka ce kai jikinka ne na'urarka. Matar da suka yi tarayya a jirgin da surukina, wata mai kantin magani, ta sha wahala ta ci jarrabawar. Surukina ya laƙaba mata Uwar Agogo, yana cewa ita ba ta tuƙi, karatu take yi a sama. Kai ma nemi wanda za ka sa wa suna.

3. Yi alkawari ran da sama take tas

Za a yi wa yayata aikin zuciya a wani gari bayan duwatsu. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma likitoci ba su ba da tabbacin za ta farka ba. Na ce zan bi mota tun ana jibi, surukina ya dafa ƙirji ya ce haba, yana da jirgi uwar matarsa ta sha jijjiga? Na biye masa. Tsufa ba ya hana wauta.

4. Idan gari ya waye a lulluɓe, riƙe ƙugu

Tsaya a ƙofar ofishin filin ka harari sama kamar ta yi maka rashin kunya. Ka duba waya, ka yi tsaki. Da ka ga makanikai sun fara murmushi, ka ce za ku bi ta ƙarƙashin gajimaren, in ya ƙi ku ɓula shi. An ce namijin duniya ba ya ja da baya. Duwatsu ma haka aka ce musu.

5. Kada ka zauna a kujera mai juyawa

Nan surukina ya yi sake. An ce tsakanin suruka da suruki sai kunya, amma ban taɓa jin kunya ta riƙe jirgi a sama ba. Na jawo kujerar magatakarda na ce, "Ɗana, zauna, ka rufe ido da gyalen nan. Jikin naka nake so mu gaisa."

Na juya shi dama a hankali, na daɗe, sannan na tsayar da kujerar cak. Na tambaye shi ina ya nufa.

"Hagu, Mama. Yanzu hagu nake yi."

"Ka tabbata?"

"Jikina ba ya yi mini ƙarya."

Ya ɗaga gyale ya tarar da kujerar a tsaye cik, yana fuskantar kwandon shara. Na gaya masa ruwan cikin kunne ne, haka yake yaudarar kowa in ido ya rasa abin kamawa, 'yan aji ɗaya ma na sha yi musu. Makanikan suka fita waje yin tari.

6. Zaɓi kujerar baya da kanka

Shi ya buga wa Uwar Agogo waya, a nan kam na yaba masa. Ta zo da rigar kanti, ta yi magana da hasumiya, muka shige farin nan da ba sama ba ƙasa. Idonta bai bar agogunan ba. Jikina ya rantse mini mun kife, ita kuwa ko gezau. Da muka ɓullo ta ƙasa sai ga fitilun fili a miƙe a gabanmu. Surukina yana baya rungume da leda.

7. Karɓi godiya

Na iske yayata ana shirin tura gadonta. Ta damƙe hannuna ta tambaye ni wa ya kawo ni cikin wannan yanayi. Surukina ya gyara tabarau ya ce ai babu komai, yi wa kai ne. Na bar shi, don ba ni da lokacinsa. Hannunta nake riƙe da shi har ƙofar ɗakin aiki, kuma ni ta fara gani da ta farka.

Tsame hannu: duk wanda ya bi shawarar nan ya yi karo da dutse, babu ruwana, ya tuhumi jikinsa. Surukina ma ba ya cikin masu ba ni shaida yanzu. 'Yata ta ce ya fara zuwa darasi a ɓoye, wai cikon haƙori ne ke tsare shi. Uwar Agogo ce malamar.