Rezar da Ta Yi wa Alhaji Tanimu Suna

Wata biyar ke nan ba mu ji muryar Alhaji Tanimu a layin 'yan kaset ba. Shagonsa na nan a rufe, kujerarsa ta roba tana jingine a bango. Ni Ilu mai gyaran rediyo, shekara talatin da huɗu muna maƙwabtaka da shi, bango ɗaya ya raba mu. Da yana raye kullum addu'ata ya yi shiru in samu in ji aikina. Yanzu ya yi shirun, ni kuma na rasa abin da ke mini daɗi.

Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Amma wajen cika baki, Allah ya yi masa baiwa. Shi ya raɗa wa kansa suna Sarkin Kunne. Ya ce baiti ɗaya ya ishe shi ya gane waƙar da za ta ci kasuwa. Ya ce duk mawaƙin da ya yi suna a ƙasar nan, a ƙofar shagonsa ya fara tsugunawa. Babbar hujjarsa kuwa ita ce marigayi Cindo Mai Gurmi. Kowa a garinmu ya san wurin nan a kaset ɗin Cindo:

"Ina Alhaji Tanimu mai kaset,
Mai babban shago a bakin kasuwa,
Na zo gaishe ka, ban manta ka ba."

Daga nan sai ka ji ƙyas, kiɗa ya ci gaba. In baƙo ya tambayi mene ne wannan ƙyas ɗin, sai Alhaji ya ce, "Makaɗi ne ya yi tari."

Ba makaɗi ba ne. Rezata ce.

Yadda abin ya faru kuwa, wani direba ne ya kawo kaset ɗin daga wani gari, a lokacin Alhaji kaɗai ke da injin kwafa a garin nan. Da Alhaji ya saurara sai ya shigo wurina yana gumi. Ya nuna mini daga inda zan yanke zuwa inda zan tsaya. Na zaro zaren, na sa reza na datse, na haɗa bakin da jan farce, na naɗe da biro. Daga wannan uwar kaset aka kwafi duk wanda aka sayar a garinmu. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba, ban kuwa faɗa ba sai da abin ya faɗi kansa.

To, bara waccan sai ga wata malama daga jami'a, Dakta Saudatu, ta shigo shagona. Ta ce darasin da take koyarwa shi ne kasuwancin waƙa. Na ce, "Waƙa ma har karanta ta ake yi a jami'a?" Ta yi dariya ta ce ba rerawa suke koya ba. Suna bin sawun waƙa ne daga bakin mawaƙi har kunnen mai saye: wa ya ɗauka, wa ya kwafa, wa ya ci moriya, wa aka bari da gumi. Tun zamanin faifai, zuwa kaset, zuwa yanzu da ake tura wa mutum waƙa ɗari a waya kafin ya gama shan shayi. Littafi take rubutawa, tana neman tsofaffin hannu.

Sai na ji Alhaji ya ture kujera ta bayan bango.

"'Yata, kin zo gida! Littafin nan ai ni ne. Sauran duk bango ne."

Sati uku tana zuwa da 'yar na'urarta ta ɗaukar magana, sati uku bai bar kowa ya gama jimla ba. In ta tambaye ni yadda ake gyaran kan rikoda, shi zai amsa ta taga. A ƙarshe ta ce tana so ya zo aji ya yi wa ɗalibanta bayani da bakinsa, a ɗauki hotonsa a sa a littafi.

Shi ke nan, layi ya shiga uku. Mai shayi ya ji, mai faci ya ji, har mai sayar da rake sai da aka tsayar aka gaya masa. Kafin ranar ta zo Alhaji ya daina amsa sunan Alhaji. Sai an ce Farfesa.

Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, ka faɗi komai, amma ka bar zancen Cindo."

Ya ce, "Ilu, tsoro ne ya hana ka yin arziki. Cindo yana kabari, direban yana kabari. Saura kai, kai kuma bakinka da jan farce."

Ranar Talata da hantsi muka tafi. Ya sha babbar riga mai aska takwas, turare kamar an fasa kwalba. Ni aka ɗora wa tsohuwar rikodarsa. Ajin babba ne, kujeru hawa-hawa, ɗalibai sun fi ɗari, maza da mata, kowa da biro a hannu. Da Alhaji ya ga ana rubuta abin da yake faɗa, ai sai birki ya tsinke.

"Ku rubuta! Kasuwar waƙa kunne ce. In ba ka da kunne, koma sayar da manja. Ni baiti ɗaya nake ji, in ce wannan za ta ci, wannan ko ba za ta ƙetare kwata ba. Shekara arba'in, ban taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya!"

Wata ɗaliba mai tabarau ta ɗaga hannu. "Baba, ba mu misali."

Na yi tari. Na sake yin tari. Ko kallona bai yi ba.

"Cindo Mai Gurmi! Ya zo mini da silifa wari-wari, ko gurmin ma tsirkiya ɗaya ta tsinke. Yana buɗe baki na ce tsaya, yaro, ka isa. Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo masa fura. Na ce muryar nan sai ta kai inda mota ba ta zuwa. Shi ya sa bai manta ni ba. Ilu, kunna musu!"

Na sa kaset na danna. Rikodar ta yi ƙur-ƙur-ƙur, ta yi ɗif. Na buɗe, ga zare ya cukurkuɗe kamar taliya. Wallahi a raina hamdala na yi. Na ce, "Alhaji, ta cinye. A haƙura."

Sai Dakta ta ce, "Ba komai, Baba. Shekaranjiya na dawo daga ƙauyen su Cindo. 'Yarsa ta ba ni ainihin uwar kaset ɗin da ya ajiye a akwatinsa. An juye mini ita a kwamfuta, ko saurarenta ban samu na yi ba. Sai mu ji tare."

Na kama gefen rigarsa na raɗa masa, "Alhaji, ta asali ce fa. Ba ta zo shagona ba."

Ɗalibai suka ɗau tafi, tafin kuwa ya hau masa kai. Ya fizge rigarsa. "A ƙara murya! Na baya su ji!"

Gurmi ya tashi, tas da shi, kamar Cindo na zaune a kan tebur. Da aka zo wurin sunansa Alhaji ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu yana juyawa hagu da dama. "Na zo gaishe ka, ban manta ka ba." Ya buɗe baki zai ce a kashe.

Ba a yi ƙyas ba.

"Ran da na zo da gurmina a hannu,
Ka ce muryata ta bunsuru ce,
Ka ce ko kyauta ba mai karɓa,
Ka bi ni da tsintsiya har bakin titi.
Yau bunsuru na kuka, duniya na saye."

Sai 'yan amshi suka karɓa: "Mee! Tanimu, mee!"

Hannun Alhaji na nan a sama, ya manta ya sauke. Dakta ta yi wuf za ta kashe, sai ta danna wani wuri, murya ta ƙaru. "Mee! Tanimu, mee!" Wani a can baya ya kasa riƙewa, ya yi fuu. Shi ke nan aji ya fashe. Wasu na dukan tebur, wata har da hawaye. Ni dai na sunkuya ina ta ciro zare daga rikoda kamar shi ne babban aikin duniya.

Dakta ta tsawatar, ta ce a girmama dattijo. Da ƙyar aka yi shiru. Alhaji ya gyara hula, ya ce, "Wannan... wannan wani Tanimun ne."

Mai tabarau ta duba littafinta. "Baba, amma yanzu ka miƙe ka amsa."

"To kwamfutar ce ta ƙara."

Ta ce, cikin ladabi kuwa, har da rusunawa, "Tambaya ɗaya, Baba, don mu rubuta daidai. Furar aka fara ba shi, ko tsintsiyar?"

Ban san yadda muka fita ba. Muka hau adaidaita sahu. Sai da muka kusa kasuwa ya ce, "Ilu, in aka tambaye ka, ka ce taro ya yi kyau." Na ce to. Muna sauka mai shayi ya ɗaga ludayi ya ce, "Farfesa, sannu da dawowa!" Ashe ɗiyar ƙanwar mai shayin na cikin ajin, ta riga ta turo masa a waya. Daga ƙarshen layi wani ya yi "mee" a hankali.

Bayan kwana biyu Dakta ta zo har shago ta ba shi haƙuri. Ta ce ba ta sani ba. Amma ta ce abin da ya faru ya fi duk hirarrakin da ta ɗauka amfani, don ɗalibanta sun ga yadda ɗan kasuwa kan yi kuskuren kunne, da yadda mawaƙi ke ramawa da bakinsa, da yadda mai injin kwafa kan mallaki abin da gari zai ji. Ta nemi izininsa ta sa labarin. Ya ce, "Da hoton?" Ta ce da hoton. Ya ce, "Babba?" Ta ce shafi guda. Ya ce a sa.

Littafin ya fito wata biyu kafin rasuwarsa. Ta kawo masa nasa da hannunta. Ga shi nan a shafin dama, aska takwas, hannu a sama. A shafin hagu kuma an rubuta waƙar Cindo kaf, har da amshin. Ya daɗe yana kallo. Da ta tafi sai na ji ana ƙwanƙwasa bango.

"Ilu, rezarka na nan?"

Na ce, "Alhaji, guda dubu aka buga. Kuma duk shekara sai an karantar da shi."

Ya miƙo littafin ta taga ya ce, "To fara da wannan."

Na yanke masa shafin waƙar. Littafin na nan a wurina yanzu, shafi ɗaya babu, iyalinsa suka ce in riƙe. In kewa ta dame ni sai in buɗe, in yi dariya, in share ido.

Allah ya jiƙan Alhaji Tanimu, ya jiƙan Cindo, ya sa sun shirya a can. Ya yanke masa kurakuransa yankan da ba mai sauran kwafi, ya bar masa na alherin. Wanda duk ya karanta, don Allah ya taya ni da amin.