Babban Mutum Ba Ya Buɗe Bonet

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa a Gyaɗi-Gyaɗi, to a fara da Alhaji Ɗan'azumi, a zauna a huta, a sha ruwa, sannan a shiga neman na biyu. Shi da kansa ya tsara abin haka, mu kuwa ba mu da bakin musa wa mutumin da ya fi kowa sanin darajar kansa. Injiniya ake ce masa. Ya taɓa riƙe mukullin sito a wata ma'aikatar gyaran hanya, inda injiniyoyi suke wucewa ta gabansa safe da yamma, har ilimin ya kama shi kamar yadda hayaƙin tsire yake kama rigar mai wucewa.

A shekarar da soja suka koma bariki, Injiniya ya gano cewa ashe shi ne ya kore su. Mu da muka san shi a zamaninsu, ko labaran rediyo sai ya rufe taga yake saurara. Amma ana gama zaɓe sai ga shi a dakalin maƙwabcinsa Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta, yana ba da tarihin gwagwarmaya.

"Mu muka sha wuyar dimokuraɗiyya," in ji shi, yana gyara hannun babbar riga. "Ba don irinmu ba, da har yau kuna ƙamewa a bakin titi."

A wannan dakali yake koya mana ladubban girma kyauta, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Babban mutum ba ya gudu. Babban mutum ba ya cin gyaɗa a hanya. Wanda ya fi nanatawa kuwa shi ne, babban mutum ba ya buɗe bonet a gaban jama'a, domin duk wanda ka gani da kansa cikin mota, to direba ne, ko bakanike, ko wanda asirinsa ya tonu.

Ana nan sai wani ɗan Tarauni, Honarabul Ƙasimu, ya ci kujerar majalisa, aka ce yana neman mai ba shi shawara na musamman. Aka sa ranar Asabar don zagayen godiya. Kowa ya san yadda ake karanta ayarin 'yan siyasa a garin nan: motar da take bin ta maigida kai tsaye, mai ita shi ne na hannun dama, kuma wanda jama'a suka gani a wannan gurbi da wuya a hana shi muƙami. Injiniya ya sa ransa a kan muƙamin nan har ya daina cin abinci da kyau. Ya riga ya gaya wa matarsa Uwani ta shirya tashi daga gidan haya, ita kuma ta gaya wa unguwa.

Matsala ɗaya ce, ƙarama. Motarsa tsohuwar Fijo ce da ta ga juyin mulki iri-iri, ƙofar baya da igiya ake rarrashinta, fentin kuma ya daɗe da yin ritaya. Abokan takararsa masu Marsandi ne da Honda. Injiniya ya tsaya a bakin titin Gidan Zu ya yi nazarin motocin manya da idon masani, ya lura duk suna da wasu fitilu rawaya a ƙasan bamba. Nan take ya gane sirrin da ya ɓuya wa talakawa, wato girma a fitila yake.

Ya nufi shagon Chibueze mai kayan gyaran mota. Chibueze ya ce sunanta fitilar hazo, an yi ta ne don ƙasashen sanyi inda direba ba ya ganin gabansa da rana tsaka. Mu kuwa lokacin ƙarshen bazara ne, rana tana dukan Kano har kwalta tana laushi. Wannan bai dami Injiniya ba. Manya suna sa biyu, saboda haka ya sayi huɗu. Chibueze ya buɗe kwali ya nuna masa makunni da fiyus da wayoyi, ya ce akwai mai haɗa wayar mota a bayan layi.

"Ni za ka tura wurin rewaya?" in ji Injiniya. "Ni da na riƙe kayan aikin da suka fi shagon nan naka tsada? Ɗaure min kayana."

Chibueze ɗan kasuwa ne, ba mai wa'azi ba. Ya ɗaure.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci aka fara aiki a cikin gida, an turo ƙyaure, sai mu 'yan kaɗan da aka zaɓa don mu shaida tarihi. Ya huda bamba da ƙusa da guduma. Inda noti ya ƙi kamawa, ya kwance wayar shanyar Uwani ya ɗaure. Da waya ta gaza, ya yanke ta dutsen gugarta ya ƙara, yana yi mata bayanin cewa matar mai ba da shawara ba ta guga da kanta. Uwani ta dube shi, ta dubi dutsen gugar, ta koma ɗaki.

Da ya zo kan fiyus, sai ya ɗaga shi sama da yatsu biyu kamar ya kama kyankyaso.

"Kun ga wannan? Aikinsa yanke wuta. Tun muna yara ake yanke mana wuta a ƙasar nan, sannan in saya da hannuna in sa a motata?" Ya wurga shi bayan randa.

Saura makunni, wanda ya kamata wayarsa ta ratsa daga wurin inji ta fito gaban direba. Injiniya ya nemi ƙofar da za ta bi, ya leƙa ta sama, ya kwanta ta ƙasa, ya yi gumi har la'asar ta kusa fita, waya ta ƙi wucewa. Wani ƙaramin mutum da sai ya ce ya kasa. Shi kuwa miƙewa ya yi, ya share fuska, ya sanar da mu matsayinsa.

"Na fasa sa makunni. Abin da ake kunnawa, shi ake kashewa. Hasken farar hula ya zo ke nan, ba mai kashe shi."

Ya murɗa wayoyin kai tsaye a kan batir, ya naɗe da salatif. Fitilu suka kama. Ɗaya tana duban sama, ɗaya tana binciken kwata, biyu suna tsone idon duk wanda ya tsaya a gaba. Muka yi tafi, don mun ga alamar ba za a buɗe mana ƙyaure ba sai mun yi. Wanda yake so su mutu kuwa, sai ya buɗe bonet ya zare waya. Haka ya yi bayan mun fita, da safe kuma ya mayar kafin ya fito.

Asabar ya yi shiga ta gani ta faɗa, shadda mai ɗaukar ido da hula ƙube. Ya ɗauki Malam Bitrus a kujerar gaba, saboda babban mutum ba ya isa taro shi kaɗai. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, 'yan acaɓa da masu shaguna suna ɗaga masa hannu suna buɗe yatsu suna rufewa, yadda muke yi wa duk direban da ya manta fitila a kunne da rana. Injiniya ya zuge gilashi yana amsawa da hannu biyu.

"Ka ga ƙauna, Malam Bitrus? Wannan ba a sayenta."

Gidan Honarabul a cikin wani siririn layi yake. Injiniya ya riga kowa zuwa, ya gicciye motarsa daidai bakin get. Dabararsa ita ce, in maigida zai fito, ya ɗan matsa gaba ya ba shi hanya, ya manne masa a baya kafin masu Marsandi su farga. Kai, Allah ya yi wa mutumin nan kwanya! Ya kashe inji, don lokacin man fetur sai an kwana a layi. Fitilu dai suna nan suna yi wa katangar maƙwabta hidima.

Motoci suka cika layi gaba da baya. Makaɗa suka zo, maroƙa suka zo. Honarabul bai fito ba, domin shi ma babban mutum ne, kuma a cikin ladubban girma akwai shanya mutane. Hantsi ya wuce. Malam Bitrus ya sunkuyo ya rage murya.

"Alhaji, da an zare wayar nan kafin ya fito. Batir ɗin nan tsoho ne."

"A nan? A gaban mutanen Tarauni da Babban Giji?" Injiniya ya dube shi da tausayi. "Shi ya sa ka yi ritaya kana malamin makaranta. Ka taɓa ganin mai ba da shawara da kansa cikin bonet?"

Ya fito ya jingina da mota, yana yi wa duk wanda ya tsaya lacca a kan ci gaban ƙasa. Bayansa kuwa fitilun suna ta sauya launi, daga ruwan ƙwai zuwa ruwan goro, daga nan suka koma kamar garwashin da toka ta rufe. Da wani ya nuna masa, ya ce hasken rana ne yake kishi da su.

Bayan azahar aka wangale get. Ganguna suka ɗauka, maroƙa suka kece da kirari, motar Honarabul ta sako kai. Injiniya ya shiga tasa cikin natsuwa, ba gudu, ya murɗa mukulli. Fijo ta yi nishi ɗaya irin na tsohon da ya juya a kan tabarma. Ya sake murɗawa, ta ce ƙyas. Ya sake, ko ƙyas ɗin ma ta hana shi.

Direban Honarabul ya danna hon, na baya suka amsa, layi ya rikice. Aka ce a tura, to ina za a tura, gaba mota baya mota? Wani ya kawo aron batir, amma sai an kwance ƙullin da ke kan tsohon, kuma ba wanda ya san yadda aka yi shi sai mai shi. Wallahi a wannan lokacin na ji tausayinsa, don na ga yadda ya dubi taron, ya dubi bonet. Ya tuɓe babbar riga da 'yar ciki da hula ya danƙa wa Malam Bitrus. Ya rage daga shi sai singileti da wando. Ya ɗaga bonet, ya cusa kansa ciki iyakar yadda zai shiga.

Salatif ya narke ya haɗe da wayar dutsen guga, abin ya zama ƙulli ɗaya. Magoya baya suka gaji da jira, suka taru suka ciccibi bayan motar suka karkatar da ita gefen kwata, Injiniya yana bin ta da ƙafa, kansa bai fito ba. Hanya ta buɗe. Wata Marsandi ta sulalo ta tsaya a gurbin da aka yi wa wannan wahala duka.

Da motar Honarabul ta zo daidai wurin Fijo, sai ya sa aka tsaya, ya sauke gilashi.

"Motar wane ne wannan?"

"Ta Alhaji Ɗan'azumi ce, ranka ya daɗe," in ji wani.

Honarabul ya dubi bayan mutumin da ke duƙe, singileti ya jiƙe sharkaf, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Kai direba! Ka gaya wa maigidanka, mutumin da bai iya ba motarsa shawara ba, kada ya wahalar da kansa a kaina."

Duk mun san bayan wane ne, Malam Bitrus yana tsaye rungume da shadda kamar mai jiran wanki. Muna jira mu ga ko zai ɗago. Can sai muka ji wata siririyar murya, wadda aka maƙale don kada a gane ta, ta fito daga cikin bonet.

"Zai ji, ranka ya daɗe."

Kuma ya ji.